Yadda Ake Ƙawata Saman Kabet Ɗin Tangaran a Ɗakin Cin Abinci

A gidaje da yawa cikin kabet ɗin tangaran yana shan gyara, samansa kuwa ya zama ma'ajiyar duk abin da aka rasa inda za a kai shi: kwalin bilenda, kular da murfinta ya ɓata, fitilar cajin da ta daina kamawa, robobin da aka raba a bikin wata ƙawa. Wasu kuma ɗaya hanyar suke bi, a kwaso ragowar kayan jere a cusa a sama har su taɓo silin, wai kada a ce amarya ba ta zo da kaya ba. Duka biyun suna kashe kabet, komai tsadarsa.

Dalilin cusawar sananne ne. Jere a wurinmu tun asali nuna yawa ne. Ƙorai da tasoshi, daga baya langa da samira da kwalla, a ɗora wannan kan wannan tun daga ƙasa har rufin ɗaki, 'yan ganin ɗaki su shigo suna ƙirgawa da ido. Wancan jeren yana da kyansa, amma bango guda ake ba shi. Saman kabet kuwa wuri ne siriri, nesa da ido, kuma daga ƙasa ake kallonsa. Abin da ya dace da shi kaya ne kaɗan, manya, da fili a tsakaninsu. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan suka tsaya.

Ki sauke komai, ki auna

Uwargida, ki samu tsani ko teburi mai ƙwari, kada ki hau kujerar roba a kan tayil, sannan a samu mai karɓar kaya daga ƙasa. Ki sauke duk abin da ke sama. Ƙurar da ke can ba irin ta ƙasa ba ce, ta haɗu da maiƙon girki da hayaƙin turaren wuta ta zama danƙo, busasshen tsumma ba ya ɗauke ta. Ki fara kwashe ta da burushi, sannan ki bi da tsumman da aka tsoma a ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke aka matse shi sosai, ki kuma bi da busasshe nan take. Kabet da yawa na yanzu da katakon MDF ake yin su, wato wanda aka matse daga garin itace da gam, shi kuwa da zarar ruwa ya zauna masa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan tef ɗin awo za ki ɗauko, ko na tela ne. Awo huɗu kike bukata: faɗin saman kabet daga hagu zuwa dama, zurfinsa daga gaba zuwa bango, tazarar da ke tsakaninsa da silin, da kuma tsawon bakin adon da kafinta ya zagaye saman da shi. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Kabet da yawa samansu a lotse yake a bayan wannan baki, da zurfin santimita 5 zuwa 10, don haka duk abin da kika ajiye gindinsa zai nutse, daga ƙasa a riƙa ganin rabin tulu ko kan buta kawai.

Tazarar silin ce za ta yanke miki hukunci. Idan ba ta kai santimita 30 ba, ki bar wurin haka nan. In kuma zuciyarki ta ƙi, abu ɗaya mai faɗi marar tsawo ya isa. Tsakanin 30 da 60, ana iya sa kaya matsakaita, tire a jingine, akushi, ƙaramin tulu. Idan ta haura 60, kamar yadda ake samu a gidajen da silin ɗinsu ya kai mita 3 kabet kuma bai wuce mita 2 ba, to dole ne a samu abu mai tsawo, in ba haka ba ƙananan kaya za su ɓace a wurin. Abin da ya fi komai tsawo kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tazarar, kuma ko yaya ne a bar aƙalla faɗin tafin hannu biyu tsakaninsa da silin.

Ki ɗaga kai ki dubi fanka. Fankar sama mai inci 56, wadda ta fi yawa a gidajenmu, faɗinta ya haura santimita 140. Idan bakin fiffikenta yana kusa da kabet, dogon kaya ba zai zauna a wannan ɓangaren ba, kuma duk wani abu marar nauyi sai an ɗaure shi.

A kafe kabet ɗin tukuna

Wannan matakin ba ado ba ne, shi ya sa ake tsallake shi, amma ni ba na ba kowa shawarar ɗora ko da faifai ɗaya kafin a yi shi. Kabet dogo ne, ba shi da zurfi, ƙofofin gilashinsa suna da nauyi kuma gaba suke buɗewa. Yaro ya jawo durowar ƙasa ya taka, ko ya rataya a ƙofa, kabet ya taho masa da duk abin da ke ciki. Ƙarin nauyi a sama yana ƙara wannan haɗarin.

Ki kira kafinta ya sa ƙarfe biyu masu lanƙwasa irin harafin L a saman kabet ta baya, ɗaya a kowane gefe. A bangon bulo sai an huda an sa fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a huda don ta riƙe ƙusa, kafin a ɗaura ƙusa mai zare. Ƙusar da aka buga kai tsaye cikin filasta ba ta riƙe komai. A ɓangaren kabet kuma ya ɗaura a jikin katako mai kauri, ba a siririn allon baya ba. Idan kabet ɗin gida biyu ne, na sama a ɗore kan na ƙasa, ya haɗe su ta baya. In gidan haya ne, a sanar da mai gida. Huda biyu ce da ake toshewa da ɗan siminti ranar tashi.

Tun yana nan, ya duba ko kabet ɗin yana girgiɗi. Tayil ba kullum yake zama daidai ba. Ɗan siririn katako a ƙarƙashin ƙafar gaba yana gyara zamansa, ya ɗan karkata shi wajen bango. Ki kuma tambaye shi kaurin allon saman. Wani kabet ɗin filawud siriri kawai aka rufe shi da shi, ki danna da hannu ki ji yana lotsawa. Irin wannan sai an shimfiɗa masa katako mai kauri wanda ya hau kan bangwayen gefe biyu. Hakan yana maganin matsala biyu a lokaci guda: ya ɗauki nauyi, ya kuma cike lotsawar nan ta bayan bakin ado.

Daga nan ki shimfiɗa wani abu da zai karɓi ƙura. Ledar teburi da aka yanka daidai wurin, ta ɗan gaza baki yadda ba za a hango ta ba, ita ta fi. Jarida tana aiki, sai dai kyankyasai suna son ta.

Zaɓen kaya

Kafin ki je kasuwa, ki tsaya gaban kabet ɗin ki dubi abin da ke cikinsa. Idan cikin cike yake da fararen tangaran masu bakin ruwan gwal, kofuna da gilasai suna ta ƙyalli, kada ki ƙara wani tangaran ɗin a sama. Ido ya riga ya ƙoshi da santsi da ƙyalli, yana neman abin da ya saɓa: saƙa, itace, yumɓu, tagulla. Idan kuma cikin launi ne barkatai, ja da shuɗi da fulawoyi, to saman ya zama launi ɗaya mai sanyi. Launi biyu, in ya yi yawa uku, kuma ɗaya daga ciki ya kasance akwai shi a ɗakin, a labule ko a kujerun teburin.

A nan ne kayanmu na gida suka fi na kanti dacewa, ba don kishin gargajiya kawai ba. Manya ne, ba su da nauyi sosai, siffarsu tana fitowa daga nesa, kuma yawancinsu ko sun faɗo ba sa tarwatsewa. Babban faifai mai zanen ja da baƙi da kore. Adudu mai murfi. Akushi baƙi. Ƙwarya mai zane, ko masaki. Tiren tagulla ko butar tagulla irin aikin maƙeran Bida. Tulun yumɓu, ko na masu ginin tukwane na kusa da ku, ko irin na Mirriya kusa da Damagaram. Wadda take ganin tukunyar ƙasa ba ta kai ta hau saman kabet ba, ta juya takardar naira 20 ta ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Tukwanenta har Turai da Amurka an kai su baje koli. A Kano, Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau ana samun faifai da ƙorai da kayan tagulla da na fata a cikinta. Kafin ma kasuwa, ki leƙa ɗakin Hajiya ko na kaka. Tsohuwar langa ko kwalla mai fulawa da ke kwance a ƙarƙashin gado, in aka wanke ta aka ba ta wuri ita kaɗai, sai ta fi sabon kaya jan ido.

Girma ya fi komai muhimmanci. Duk abin da bai kai girman kwanon miya ba, ba na sama ba ne. Ƙananan kofuna, 'yan kwalaben turare, ƙaramin hoton aure, waɗannan na cikin gilashi ne, inda ido ke kaiwa kusa. A sama tarkace kawai za su zama.

Game da fulawar roba: ba na hana ta, amma ita ce ta fi komai kama ƙura, kuma wadda ta yi wata biyu ba a wanke ba tana tsufar da ɗaki. In za ki sa, reshe uku ko biyar masu launi ɗaya a doguwar tukunya sun isa. Busassun zangarniyar gero ko dawa suna yin kyau ƙwarai, amma suna kiran ɓera da ƙwari. Sai dai busasshen reshen itace ko karan da ba ƙwaya a jikinsa.

Akwai masu ajiye Alƙur'ani a saman kabet don girmamawa. Idan wanda ake karantawa ne, wurin ya yi nisa, hawa tsani kullum zai sa a daina ɗaukowa. A nema masa kanta mai tsafta da hannu ke kaiwa. Allon zayyana na sauka kuwa yana zama da kyau a can. A jingine shi a tsakiya, kada a ɗora komai a kansa ko a tare gabansa, a rage sauran kayan su zama biyu kacal a gefe da gefe.

Jerawa

Ki fara gwadawa a ƙasa. Ki shata faɗi da zurfin saman kabet a jikin bango da igiya ko alli, ki jera a nan, ki ja baya ki duba. Ya fi hawa da sauka da tulu a hannu.

Jeren hawa uku ne daga bango zuwa gaba. A baya, abu mai faɗi da ake jinginawa: tire, faifai, babban faranti. A tsakiya, mai tsawo ko mai ciki: tulu, buta, adudu. A gaba, gajere: akushi, ƙoƙo. Kowane ya ɗan shiga gaban na bayansa, ya rufe kamar kashi ɗaya cikin huɗu nasa, don ido ya gan su a matsayin ƙungiya ɗaya. Idan kika jera su a layi guda, kowa da tazara iri ɗaya, tsayi iri ɗaya, wurin zai koma kamar rumfar mai sayar da kwanuka a Sabon Gari.

Tsari biyu ne suka fi zama. Na farko, mafi tsawo a tsakiya, kaya iri ɗaya a dama da hagu suna raguwa. Wannan ya dace da kabet mai ƙofa uku, ko mai tudu a tsakiyar samansa, ko wanda ke tsaye a tsakiyar bango yana fuskantar teburi. Na biyu, a tara manyan a gefe ɗaya, a bar fili, a sa abu guda gajere a ɗaya gefen. Shi ya fi dacewa da kabet ɗin da ke kusurwa ko kusa da ƙofa. Manyan su kasance ta wajen kusurwar. Ni na fi son na biyu, domin yana yafe kuskure: ba sai kin samu tagwayen kaya ba, kuma ɗan karkacewa ba ya nunawa. A kowane tsari, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ya zauna babu komai. Nan ne hannu zai riƙa yi miki ƙaiƙayi, ki daure.

Ga misali. Kabet mai ruwan ƙasa mai duhu, faɗinsa santimita 150, zurfinsa 40, tazarar silin 75, cikinsa fararen tangaran. A hagu, ki jingina tiren tagulla mai faɗin santimita 45, kada ya kai ƙarshen baki, a bar kamar faɗin tafin hannu. A gabansa ta dama kaɗan, tulun yumɓu mai tsawon santimita 35 ya rufe gefen tiren. A gaban tulun ta hagu, akushi da murfinsa. Sai fili na kusan kamu ɗaya. A dama, faifai mai faɗin santimita 30 a jingine, ƙwarya mai zane a kife a gabansa ta yadda zanen zai fuskanci ɗaki. Kaya biyar ke nan. Tagullar ta amsa bakin gwal ɗin farantan da ke ciki, baƙin akushi ya amsa duhun katako, jan faifai shi kaɗai ne launi mai ƙarfi.

Bayan kin ɗora, ki sauko ki duba daga wuri uku: bakin ƙofar shigowa, kan kujerar teburin cin abinci a zaune, da kuma falo idan ana hango kabet daga can. Daga zaune za ki ga gindin kayan baya ya ɓuya fiye da yadda kika zata. Duk wanda ya nutse, ki ɗaga shi da guntun katako ko ƙaramin kwali mai ƙwari da aka naɗe da takarda mai launin kabet ɗin. Na gaba kuma kada su zo daf da baki, a bar santimita 5 ko fiye. Ki ɗauki hoto da waya. Abin mamaki, hoto yana tona cunkoso da karkatar da ido ya saba da su. In kin duba kin ji wani abu bai zauna ba amma kin kasa gane ko mene ne, ki cire abu ɗaya kafin ki yi tunanin ƙarawa.

Ɗaurewa

Abin da aka jingina yana zamewa a hankali, musamman da bugun ƙofa da iskar fanka. A buga siririn katako a kwance, kamar santimita 8 daga bango, gindin tire ko faranti ya tokare da shi. Faifai kuma a soka siririyar waya ko zare mai ƙwari ta bayan saƙarsa a ɗaura a ƙaramar ƙusa a bango. Doguwar tukunya mai ƙaramin gindi, a zuba busasshen yashi a leda a ƙulle a saka a cikinta. Akwai wani danƙo da ake manna takarda a bango da shi, ana samu a shagunan kayan rubutu. Ɗan ƙulli uku a gindin buta ko kwano yana hana shi motsi kuma yana ɓantaruwa ba tare da ya ɓata fenti ba. Mafi nauyin kaya su zauna a gefe, daidai kan bangon kabet, ba a tsakiyar allo ba.

Idan kina son haske, siririyar fitilar LED da ake mannawa ta wadatar. A ɓoye ta a bayan bakin ado tana haska sama, a zaɓi mai haske ruwan ɗorawa-ɗorawa. Fari fat yana kashe kyan tagulla da yumɓu. Wayar ta bi ta bayan kabet. Kyandir da kaskon turaren wuta ba su da wuri a can ko kaɗan: zafi yana taruwa a ƙarƙashin silin, hayaƙi yana baƙanta shi, silin roba kuwa narkewa yake.

Wani abu da iyaye ke yi da kyakkyawar niyya: ɓoye alewa, biskit, rimot ko kuɗin cefane a saman kabet don kada yara su kai. Yaron da ya ga inda aka sa alewa zai nemi hanyar hawa. Magunguna da fiya-fiya ma ba nan ne wurinsu ba, ana buƙatar durowa mai makulli, nesa da kwanukan abinci.

Kula da shi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, sai an bi saman da burushi mai dogon hannu duk mako, a sauke komai a goge sau ɗaya a wata. Da damina matsalar ta sauya: faifai da ƙwarya da adudu suna yin fumfuna idan bangon yana tsatsafo da danshi. A fitar da su su sha iska da 'yar rana ta safe, a kakkaɓe da busasshen burushi. Kada a wanke faifai mai rini da ruwa, launin zuba yake. Idan kika ga ɗan gari-gari a ƙarƙashin ƙwarya ko akushi, ƙwaro ya shiga. Ki raba shi da sauran nan da nan kafin ya kai ga kabet.

Tagulla idan ta dushe, jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami da ɗan gishiri suna dawo da ita. A goga, a ɗauraye, a tsane ta sarai kafin a mayar, domin ragowar tsami yana barin tabo kore. Akushi yana son a shafe shi da ɗan mai kaɗan a goge har ya daina maiƙo, in ba haka ba ƙura ta manne. Langa da samira kuma a kula da inda fentinsu ya ɓantare, nan tsatsa ke farawa ta zubo kan katako. A juya wajen bango, a sa ɗan kwali a ƙarƙashi.

Kayan da kika cire ba sai kin rabu da su ba. Ki adana su a kwali a sito, idan Sallah ta matso ki sauke faifai da ƙwarya ki ɗora babban farantin tangaran da butar shayi, bayan wata biyu ki sake juyawa. Katakon tokare da ƙusar bango suna nan, don haka canjin ba zai ɗauke ki fiye da rabin sa'a ba.